Kukan Masara Da Muka Kai Abuja

Tun da na dawo daga Abuja ban samu sukuni ba. A masallaci a tambaye ni, a kasuwar Ikara a tambaye ni, har a wajen jana'iza sai wani ya matso ya raɗa min, "Malam Isiyaku, wai yaya kuka yi da mutumin?" Wasu da zuciya ɗaya suke tambaya, wasu kuwa so suke su ga ko zan sunkuyar da kai. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni tsohon malamin firamare ne a Kurmin Kogi. Da na yi ritaya na koma gonar da mahaifinmu ya bar mana, kuma saboda na iya riƙe biro aka ɗora min sakataren ƙungiyar manoman masara da ta haɗa Ikara da Maƙarfi da Kudan. Kowa ya san abin da ya same mu bara. Mun sayi taki da tsadar da ba mu taɓa gani ba, Allah ya ba da damina mai kyau, sai gwamnati ta buɗe ƙofa aka yi ta shigo da hatsi daga waje. Kafin mu gama ɓare masara, farashinta ya faɗi warwas. Mutane suka yi ta rantsuwa cewa su da masara har abada.

A taron ƙungiya aka yanke shawarar a tura mutum uku wurin wani babba da ake jin maganarsa a kan sha'anin abinci a ƙasar nan. Ya yi majalisa, ya yi minista, yanzu yana cikin masu ba da shawara a sama. Kowa Maigirma yake ce masa. Ni kuwa Garba na san shi, ɗan malamin gonar da aka taɓa turo wa garinmu. Shekara huɗu muna benci ɗaya da shi, yana kwafar lissafi a littafina. Wannan ne ya sa aka ce lallai da ni za a je.

Bayan sallar asuba ɗan acaɓa ya sauke ni a tashar Ikara. A Maƙarfi muka ɗauki Alhaji Tanko, manomin rake da masara, mutum mai ƙiba da yawan magana. Ya ɗinka sabuwar babbar riga musamman don tafiyar, ya kuma taho da damin rake da kwandon mazarƙwaila, wai ba a zuwa gidan manya hannu sake. A bakin babban titi muka tarar da wakiliyar Kudan tana jiranmu, Saratu, 'yar Malikanchi ce da aure ya kai ta can. Mijinta ya rasu, ita ke noma tana riƙe da 'ya'ya biyar, ita ce kuma shugabar mata a cocinsu. Ƙullin masara ne a hannunta, wanda bai wuce tiya ɗaya ba.

Alhaji Tanko ya dube shi ya yi dariya. "Haba Saratu, wannan ce tsarabarki?"

Ta ce, "Ba tsaraba ba ce, Alhaji. Shaida ce."

Daga Zariya zuwa Kaduna ba mu ga komai ba sai cinkoso. Amma da muka sauya mota muka hau hanyar Abuja, sai hira ta riƙa mutuwa da kanta. Akwai dazuzzukan da in an shiga, kowa sai ya yi tsit. Alhaji ya fito da carbi, Saratu ta rufe ido leɓɓanta na motsi, wani ɗan kasuwa a bayanmu ya zare wayarsa ya cusa a cikin safa. A daidai irin wannan wuri ne tayarmu ta baya ta fashe. Direba ya fito da safaya, ashe ita ma ba iska. Muka tsaya a bakin hanya kusan awa guda, kowa idonsa a daji, har wani mai tirela ya tausaya mana ya ba mu iska. Da muka koma mota Alhaji ya lura gefen sabuwar rigarsa ya sha baƙin mai, ya yi ta masifa har Tafa.

Shingayen jami'an tsaro kuwa ban ƙirga su ba. Abin da na sani shi ne, duk inda aka tsayar da mu sai an leƙa but an ga rake, sai a ce, "Alhaji, wannan na Maƙarfi ne?" Alhaji ya washe baki ya ce na Maƙarfi ne, sai a zare sanda ɗaya. Kafin mu kai Zuba, damin da mutum biyu suka ɗora ya koma abin da za a riƙe a hannu ɗaya.

Ba a tambayar fasfo a ƙofar Abuja, amma kana wuce ta za ka san ka bar ƙasarku. Titi shimfiɗe kamar tabarma, fitilu a jere, ga mutane da tiyo suna ba ciyawa ruwa. Na tambayi direba me ake yi da ciyawar, ko ta dabbobi ce. Ya ce ta kallo ce. Saratu ta ce da za a ba ta wannan fili da wannan ruwa, da ta yi albasa sau biyu a shekara.

Ba a cikin birnin muka sauka ba. Ƙanin Saratu, Bulus, yana gadi a wani kamfani, yana zaune a wata unguwa can bayan gari inda kwata ke bi ta ƙofar kowa. Ɗaki ɗaya ne da shi da matarsa da yara uku. Saratu ta shiga wurinsu, mu kuma ya roƙa mana wani tela ɗan Janfalan ya bar mu mu riƙa kwana a shagonsa, tsakanin kekunan ɗinki. Ruwa a jarka ake saye. Maƙwabci ya wuce ka ba sallama. Na gaida wani dattijo da safe, na tambayi iyali da gajiya da sanyi, ya tsaya yana kallona yana jiran in faɗi abin da nake roƙo.

Da yamma Bulus ya kai mu wurin mai tuwo. Aka kawo mana malmala ɗaya-ɗaya, kowace ba ta kai dunƙulen hannu ba. Alhaji ya ce wa matar, "Hajiya, masarar da muke zubarwa a kasuwa kamar kyauta, ita ce kike yi wa wannan rowa?"

Ta ce, "Masara ta yi sauƙi, Alhaji. Gas da haya da kuɗin mota ne ba su ji labari ba."

Bulus yana ta cin nasa. Can ya ɗago ya ce wa yayarsa, "Yaya, kada ki ji haushina. Ni da masara ta sauko na yi godiya ga Allah. Kafin nan sau ɗaya yarana ke cin abinci."

Saratu ta ture kwanonta gefe. Ni kuwa ban taɓa tunanin faɗuwarmu ita ce ta tashi wani ba, kuma wanin nan ɗan'uwanmu ne.

Washegari muka nufi gidan Maigirma. Ƙofa uku ake wucewa kafin a ga bangon gidan. A ta farko aka karɓe sauran raken, wai yana kama da makami. Muna juyowa muka hango masu gadin sun riga sun fara fere shi. A ciki akwai wata rumfa da kujerun roba, cike da mutane, kowa da fayil a cinya. Wani ɗan Sakkwato ya gaya min sati uku ke nan yana zuwa kullum, har ya san kujerar da rana ba ta kai wa. Mai shigar da mutane wani dattijo ne mai furfura da waya uku a hannu, Sakatare ake ce masa. Ya rubuta sunayenmu ba tare da ya kalle mu ba. Da la'asar ya fito ya ce Maigirma yana taro, a dawo gobe. Da muka dawo washegari, aka ce ya yi tafiya, alhali muna ganin motocinsa a jere.

A rana ta uku na bar wasiƙar da ƙungiya ta ba mu a aljihu. Na yagi takarda na rubuta, "Isiyaku mai lissafi, benci na biyu, Kurmin Kogi." Na roƙi Sakatare don Allah ya miƙa. Ba a yi minti goma ba ya dawo da sauri, yana kirana Yallaɓai.

Garba ya taro mu tun daga ƙofar falo, ba hula, ba takalmi. Ya rungume ni yana cewa, "Isiyaku! Kai ne ka tsufa haka?" Shi ma ya tsufa. Ya rame fiye da yadda yake a hoto, idanunsa sun faɗa. Ya tambayi mutanen garinmu ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu na ce masa sun rasu. Alhaji ya miƙa mazarƙwaila, Garba ya ɗauki guda ya shinshina ya mayar, ya ce likita ya hana shi zaƙi shekara goma ke nan.

Na gyara zama na karanta wasiƙarmu. Ban kai ƙarshe ba Saratu ta kwance ƙullinta, ta juye masarar a kan teburin gilashin da ke gabansa. Ƙwayoyin suka yi ta gangarowa kan kafet.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, dube ta. Akwai wadda ta fi ta kyau a cikin wadda kuke shigowa da ita? Da ita nake riƙe marayu biyar. Bana na cire biyu daga makaranta."

Ya ɗebi masarar a hannu ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa Sakatare ya fita ya ja ƙofa.

Ya ce, "Zan gaya muku abin da ba zan faɗa a rediyo ba. Ranar da aka yanke shawarar nan ina cikin ɗakin. Na san abin da zai same ku, ɗan malamin gona ne ni. Na ɗaga hannu, aka ba ni minti biyu. Aka ce min birane sun kusa kamawa da wuta, kuma gaskiya ne. To ita gwamnati, mai jin yunwa a birni take tsoro, domin shi yana kusa da titi, yana kusa da 'yan jarida. Manomi in ya fusata ina zai je? Zai yi rantsuwa ba zai sake noma ba. Ruwan farko na sauka ya ɗauki fartanya. An san haka a sama, da shi ake yin lissafi."

Alhaji Tanko ya zaro carbinsa ya fara ja.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to babu wata hanya?"

Ya ce, "Ka bar ranka ya daɗen nan, Garba nake. Hanya akwai. A sayi hatsinku da kaka da daraja a zuba a rumbunan gwamnati, in rani ya yi a fito da shi a sayar wa birni da sauƙi. A kai taki kafin ruwa, ba bayan masara ta yi bunni ba." Ya nuna wani kabad. "Ga shi can a rubuce, ni na jagoranci kwamitin. Amma ƙasar nan ba ta da manufar da ke kai damina uku. Kowa ya zo sai ya tumɓuke abin da na gabansa ya shuka. Jiya rufe iyaka shi ne kishin ƙasa, yau buɗe ta shi ne tausayin talaka. Kuma duka biyun ni na tsaya gaban jama'a na kare su."

Saratu ta ce, "To me ya hana ka ajiye musu aikinsu?"

Na zaci zai fusata. Sai ya yi wani ɗan murmushi. "In na ajiye, gobe a naɗa wanda bai taɓa ganin masara a jikin kara ba. Haka nake gaya wa kaina. Shekara talatin ina gaya wa kaina haka, ban san ranar da maganar ta daina zama gaskiya ba."

Ya juyo gare ni. "Ka san mene ne mulki, Isiyaku? Ka ga mutanen rumfar can? Kullum haka take. Na manta ranar da wani ya shigo gidan nan don ya gaishe ni kawai. 'Ya'yana ma in sun kira, ina jiran in ji buƙatar. Da aka kawo min takardarka na ce yau abokina ya zo. Ashe kai ma wasiƙa ka riƙo."

Wallahi maganar ta shige ni. Na zo da fushin wata shida, sai ga ni zaune ina jin kunya, ina jin tausayinsa. Na ninke wasiƙar na ajiye a gefe. Muka koma hirar makaranta, ya tuna min ranar da hedimasta ya zane mu saboda mangwaro, muka yi dariya har da hawaye. Har yau ban sani ba ko daga zuciyarsa maganar ta fito, ko kuwa ya daɗe da sanin yadda ake kwance wa mutum ɗamara. Wataƙila duka biyun.

Muna cikin haka Sakatare ya leƙo ya ce 'yan jarida sun iso. Garba ya miƙe ya shiga ciki. Wanda ya fito ba shi ba ne. Babbar riga fara ƙal, hula ta zauna daram, har tafiyar ta sauya. Wani ma'aikaci ya zo da tsintsiya ya share masarar Saratu. Aka jera mu a gefensa, aka kunna fitilu.

Da wata murya mai kauri ya ce matakin shigo da abinci mataki ne na hangen nesa, wanda ya ceto talaka daga yunwa. Ya ce ga shugabannin manoma nan sun taso takanas daga arewacin Kaduna don su nuna goyon bayansu, su kuma yi godiya. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan abokina ne tun na yarinta." Wata yarinya ta miƙo min makirfo ta ce, "Baba, me za ka ce?"

A nan ne nake so ku saurara da kyau, domin a nan ake yi min ƙari, ni kuma ba zan rage ba. Ba wanda ya tsorata ni. Ba wanda ya ba ni komai a lokacin. Hannunsa yana kan kafaɗata, dariyar mangwaro ba ta gama barin bakina ba. Na buɗe baki na ce, "Mun gode wa Maigirma da irin karɓar da ya yi mana." Akwai "amma" a kan harshena. Ban faɗe ta ba.

Saratu ce ta yi magana. Ta matso ta ce da ƙarfi, "Ba godiya ta kawo mu ba, kuka muka kawo!" Amma mai kyamara ya riga ya sauke ta daga kafaɗa, yana naɗe waya. Maigirma ya ce, "Za a duba, Mama, za a duba," ya shige wata ƙofa. Ban sake ganinsa ba.

A bakin ƙofa aka ba kowannenmu ƙaramin buhun shinkafar waje mai hotonsa a jiki. Saratu ta ajiye nata a ƙasa ta wuce. Alhaji ya ɗauki nasa ya haɗa da nata, wai barin abinci a ƙasa ba kyau. Ni ma na ɗauki nawa. Na kawo shi gida, an dafa, na ci. Wannan ma ku sani.

A hanyar dawowa Saratu ba ta yi min magana ba har Kaduna. Muna shiga Zariya wayata ta fara ƙara. Ashe labarin ya riga mu isa. An sa a rediyo, an yaɗa hoton a waya: ga ni nan ina murmushi, ga muryata tana cewa mun gode. Da ta sauka, Saratu ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ni ban yi karatu kamar kai ba. Amma da ni aka miƙa wa abin nan, da na san abin da zan ce." Ta ɗauki jakarta ta tsallaka titi.

A taron da aka kira a Ikara, ban taɓa ganin fuskoki irin na ranar ba. Wani ya ce an saye mu. Wani ya ce a faɗi abin da aka ba mu a raba. Alhaji Tanko ya aiko cewa ba shi da lafiya. Na tashi na faɗi duk abin da na rubuta a nan, har maganar da Garba ya yi bayan an ja ƙofa. Da na zo wurin ruwan farko da fartanya, sai wuri ya kaure. Mutane suka miƙe suna cewa wallahi bana sai an gani, ko ƙwaya ɗaya ba za su shuka ba, birni ya ci ciyawarsa. Saratu ta tashi ta shaida cewa ba a saye ni ba, ta ce rauni ne kawai irin na ɗan Adam. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Na ajiye musu littafin ƙungiya da hatimi a kan tebur na fito.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi ruwan shuka. Na ce ba inda za ni. Na zauna a zaure har hantsi, ƙanshin ƙasa yana shigowa, ƙafafuna suna ƙaiƙayi. Daga baya na ce bari dai in je in duba ko ruwa ya yi ɓarna a kunyoyi. Ban san lokacin da na ɗauki ƙwaryar iri ba.

Ina fita bayan gari na ga gonaki cike da mutane. Duk 'yan garinmu da suka yi rantsuwa a Ikara suna nan, wasu da shanun huɗa, wasu a duƙe. Ba mai kallon wani. Muka riƙa gaisawa ƙasa-ƙasa kamar waɗanda suka haɗu a inda bai kamata ba.

Ina tsakiyar shuka wayata ta yi ƙara. Saratu ce, karo na farko tun ranar taron. Muka gaisa, na tambayi yara, ta tambayi iyali. Ina jin numfashinta sama-sama, da ƙarar fartanya a kusa da ita.

Ta ce, "Malam, an yi ruwa a wajenku?"

Na ce, "An yi."

"Kana ina yanzu?"

Na ce, "Ina gona."

Na ji ƙarar fartanyar ta tsaya. Sannan ta ce, "Ni ma. Mutumin nan ya san mu, Malam."